Gwatamala: Yadda Aka Yi Juyin Mulki A Kan Gonar Da Ba A Nomawa



A wannan makon za mu yi nisan zango zuwa wata ƙaramar ƙasa a Amurka ta Tsakiya mai suna Gwatamala. Tana kudu da Meziko, kuma girmanta bai kai jihohin Neja da Kaduna a haɗe ba. A shekarar 1950 mutanenta ba su cika miliyan 3 ba. Fiye da rabinsu 'yan asalin ƙasar ne, al'ummar Maya, manoman masara masu harsuna sama da 20. Sauran kuwa masu magana da Sifaniyanci ne da ake kira Ladino, kuma daga cikinsu ake samun masu mulki da manyan masu gandaye.

A ranar 17 ga Yuni 1952 majalisar ƙasar ta zartar da dokar rabon gonaki da aka fi sani da Doka Mai Lamba 900. Dokar ba ta taɓa gonar da mai ita yake nomawa ba, komai girmanta. Filin da aka bari ya zama saura ta nema, kuma da diyya. Duk da haka, bayan shekara 2 da kwana 10, shugaban da ya sa mata hannu ya sauka a kan dole, aka soke dokar, aka kori manoman da suka samu fili. Tambayar da ta kawo mu ita ce, me zai sa a tayar da yaƙi a kan filin da ciyawa kawai ke fitowa a cikinsa?

Ra'ayinmu shi ne, masu gandaye sun riƙe wannan sauran ne domin su riƙe ma'aikata. Manomin da ke da gonar da za ta ci da iyalinsa yana da bakin cewa a'a idan aka yi masa tayin lada marar tsoka. Wanda ba shi da ita dole ya karɓa. Saboda haka rabon gona a irin wannan ƙasa rabon iko ne, kuma waɗanda suka yaƙi dokar sun fahimci hakan sarai.

YADDA KOFI YA CINYE ƘAUYE

Sai mun koma baya kafin maganar ta fito fili. Gwatamala ta samu 'yanci daga Sifaniya a 1821, amma har tsakiyar wancan ƙarni ƙauyukan Maya da yawa suna riƙe da filayensu na gari, waɗanda ba na mutum ɗaya ba ne. Abin ya canza bayan juyin 1871, musamman a mulkin Justo Rufino Barrios daga 1873 zuwa 1885. Kofi ya yi kasuwa a Turai, gwamnati ta ɗauki nomansa a matsayin hanyar arzikin ƙasa. Aka ƙwace filayen coci, aka buɗe filayen gari ga duk mai kuɗin saye da takardar mallaka. Jamusawa da dama suka shigo suka kafa gandayen kofi, musamman a lardin Alta Verapaz.

To, kofi ba ya tsinkar kansa. Yana son hannaye masu yawa a watannin girbi, kuma mutumin da ke da masararsa a rumbu ba ya ɗokin barin gida ya tafi gandun wani. A 1877 aka yi dokar 'yan ƙwadago da ta ba gwamnan lardi ikon umartar ƙauye ya kawo adadin mutanen da mai gandu ya nema. Ga kuma bashi: ana ba manomi 'yan kuɗi kafin aiki, a rubuta a littafi, ya yi ta aiki bashin ba ya ƙarewa, wani lokaci har ɗansa ya gaje shi.

Janar Jorge Ubico, wanda ya yi mulki daga 1931 zuwa 1944, ya soke wannan bautar bashi a 1934, sai dai ya maye gurbinta da dokar hana zaman banza. A ƙarƙashinta duk namijin da gonarsa ba ta kai wani ma'auni ba dole ya yi kwana 100 ko 150 a shekara yana aiki a gandun wani. Yana yawo da ɗan littafi a aljihu wanda mai gandu ke cikewa. Idan kwanakin ba su cika ba, a kama shi a matsayin mai zaman banza. Mu lura da yadda aka ɗaure abubuwa biyun: ƙarancin gona shi ne laifin, aiki a gandu shi ne hukuncin. Mai gandun da ya killace fili ya bar shi saura bai yi asara ba, domin kowace eka da ya hana ƙauye tana ƙara masa ɗan ƙwadago mai araha.

Ƙidayar gonaki ta 1950 ta nuna inda aka kwana: kimanin kashi 2 cikin ɗari na masu gona ne ke riƙe da sama da kashi 70 cikin ɗari na ƙasar noma, kuma kaɗan daga ciki ake nomawa. Mafi yawan manoma suna fama da 'yan gutsattsarin da ba sa kai su ƙarshen shekara, sai sun gangaro daga tsaunuka zuwa gandayen bakin teku ci-rani.

ABIN DA DOKAR TA ƘUNSA

A 1944 ɗalibai da malaman makaranta da ma'aikata suka yi bore har Ubico ya sauka, sannan a ranar 20 ga Oktoba wasu matasan hafsoshi suka kawar da janar ɗin da ya gaje shi. Aka yi zaɓe, wani malamin jami'a mai suna Juan José Arévalo ya ci. A zamaninsa aka soke dokar zaman banza, aka yi dokar ƙwadago a 1947, amma bai taɓa gandaye ba. Wanda ya gaje shi a 1951, Kanar Jacobo Árbenz, yana cikin hafsoshin 1944. A jawabinsa na kama aiki ya bayyana cewa burinsa shi ne ya fitar da ƙasar daga tsarin iyayengiji da barori ya mayar da ita ƙasar jari-hujja ta zamani. Wannan ya kamata mu riƙe, domin daga baya sunan ɗan gurguzu aka laƙaba masa.

Ga yadda dokarsa take. Gonar da ba ta kai hekta 90 ba, ba ruwan hukuma da ita. Wadda ke tsakanin hekta 90 da 270 ita ma ta tsira matuƙar ana noma kashi biyu cikin uku nata. Daga manyan da suka wuce haka ake yankar ɓangaren da ba a nomawa. An haɗa da gandayen gwamnati, waɗanda yawancinsu an ƙwace su ne daga Jamusawa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Diyya kuwa takardun lamuni ne na shekara 25 da ruwan kashi 3 cikin ɗari, kuma ana ƙiyasta kuɗin fili ne da farashin da mai shi ya rubuta da hannunsa a takardar haraji. Manomin da ya samu fili, ko dai a ba shi mallaka, ko a ba shi damar nomawa iya rayuwarsa, yana biyan wani ɗan kaso na amfanin gona duk shekara. Dokar ta kuma haramta biyan hayar gona da aikin ƙarfi. A 1953 aka buɗe bankin manoma domin ba da rance, saboda fili ba iri ba garma bai cika amfani ba.

Cikin shekara biyu an karɓi kimanin eka miliyan 1.4, kuma kimanin iyalai 100,000 sun samu gona, wato mutum wajen 500,000, kusan ɗaya cikin shida na al'ummar ƙasar. Shi kansa Árbenz an yanki eka 1,700 daga gandun iyalinsa. Noman masara bai faɗi ba kamar yadda aka yi ta hasashe, ƙaruwa ma ya yi.

Amma a ganinmu ɓangaren da ya fi girgiza ƙasar shi ne hanyar da aka bi wajen aiwatarwa. Ba jami'i ne daga babban birni ke zuwa ya nuna filin da za a raba ba. Manoma ne da kansu ke kai ƙorafi gaban kwamitin yankinsu cewa ga fili can kwance. Kwamitin na mutum biyar ne: gwamnan lardi ya naɗa ɗaya, ƙaramar hukuma ɗaya, ƙungiyar manoma ko ta 'yan ƙwadago ta kawo uku. Ke nan talakawa ke da rinjaye. An kafa irin waɗannan kwamitoci sama da dubu. Mu kwatanta a ranmu: mutumin da shekara goma baya yake yawo da littafin aikin dole a aljihu, yau shi ne zaune a kujera yana tambayar mai gandu eka nawa ya noma bara. Wannan sauyin mazauni ya fi asarar filin ciwo ga masu gandaye, kuma ya tayar da hankalin hafsoshin soja, waɗanda suka saba su da wakilansu ne ke da faɗa a ji a karkara.

KAMFANIN AYABA

Wanda ya fi kowa fili a ƙasar ba ɗan ƙasa ba ne. Kamfanin Amurka ne mai suna United Fruit, mai fitar da ayaba. Yana da sama da eka 500,000, yana noma kimanin kashi 15 cikin ɗari kawai. Yana da babban hannu a kamfanin jirgin ƙasa, kuma shi ke juya Puerto Barrios, babbar tashar jiragen ruwa ta ɓangaren Atlantika. A 1953 da 1954 gwamnati ta karɓi kusan eka 400,000 na sauransa.

A kashin farko, wanda ya haura eka 200,000 a yankin Tiquisate, gwamnati ta yi tayin dala 627,572, daidai da ƙimar da kamfanin ya rubuta wa masu haraji. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta nemi a biya kusan dala miliyan 16. Hausawa suka ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Idan filin ya kai miliyan 16, to kamfanin ya yi shekaru yana cin harajin ƙasar. Idan kuwa bai kai ba, babu dalilin kuka. Wannan dabara ta biyan mutum da farashin bakinsa tana cikin abubuwan da suka fi burge mu a dokar.

Kamfanin yana da dogon hannu a Washinton. Sakataren harkokin waje John Foster Dulles da ƙanensa Allen Dulles, shugaban hukumar leƙen asiri ta CIA, duk sun yi aiki a ofishin lauyoyin da ya yi wa United Fruit aiki. Kamfanin ya kuma ɗauki Edward Bernays, gwanin tallata ra'ayi, ya riƙa kai 'yan jarida yawon gani da ido domin su rubuta cewa gurguzu ya kafa sansani a ƙofar Amurka. A 1953 Shugaba Eisenhower ya amince CIA ta shirya kifar da gwamnatin. A ranar 18 ga Yuni 1954 Kanar Carlos Castillo Armas ya shigo daga Honduras da mayaƙa da ba su kai 500 ba. A fagen daga ba su yi abin kirki ba. Jiragen sama da gidan rediyon ƙarya da CIA ta kafa su suka yi aikin, suna yaɗa cewa runduna mai yawa tana tafe. Hafsoshin soja, waɗanda ke tsoron Amurka za ta shigo da kanta kuma da ma ba sa jin daɗin abin da ke faruwa a ƙauyuka, suka ƙi yaƙi. Da Árbenz ya nemi a raba wa farar hula makamai, suka hana. A ranar 27 ga Yuni ya yi murabus.

ABIN DA MASU SUKA KE FAƊA

Adalci ne mu saurari ɗaya ɓangaren, domin suna da hujjojin da ba za a share da hannu ɗaya ba.

Na farko, suna cewa da hannun 'yan gurguzu a ciki. Gaskiya ne. Shugaban jam'iyyarsu, José Manuel Fortuny, aminin Árbenz ne kuma yana cikin waɗanda suka tsara dokar. A watan Mayu 1954 wani jirgin ruwa ya kawo makamai daga Cakosulobakiya. Masana tarihi irin su Piero Gleijeses suna ganin tsoron gurguzu ya fi kukan kamfanin ayaba tasiri a shawarar da Amurka ta yanke. Mun yarda da wannan. Sai dai kujeru 4 kacal jam'iyyar ke da su cikin 56 na majalisa, kuma abin da dokar ta haifar ƙananan manoma ne masu gonar kansu. A daidai waɗannan shekaru Amurka da kanta ta tsaya aka raba gonaki a Japan, ta kuma mara baya aka yi a Koriya ta Kudu da Taiwan, inda aka karɓi har filayen da ake nomawa daga hannun masu ba da haya. A can an kira shi rigakafin gurguzu. A Gwatamala, inda mai filin ɗan gida ne a Washinton, an kira shi gurguzu.

Na biyu, kamfanin ya ce ayaba tana fama da wata cuta da ke zama a cikin ƙasa, don haka dole ya ajiye fili na ko-ta-kwana. Cutar gaskiya ce. Amma wuya ne a gamsar da mai hankali cewa sai an ajiye eka biyar ko shida a kwance saboda kowace eka ɗaya da ake nomawa, alhali dubban iyalai a gefen shingen ba su da inda za su shuka masara.

Na uku, kuma wannan ya fi nauyi, an taka doka. Dokar ta hana kotuna shiga maganar, ta mayar da shugaban ƙasa matakin ƙarshe na ɗaukaka ƙara. A Fabrairu 1953, da Kotun Ƙoli ta karɓi ƙarar wani mai gandu ta ba da umarnin dakatarwa, sai majalisa ta tsige alƙalan da suka yi hakan. Wannan taɓo ne, kuma ba za mu wanke shi ba. Wanda ya nuna cewa ana iya ture kotu saboda manufa mai kyau ya buɗe ƙofa ga wanda zai ture ta saboda mummuna. Abin da za a iya faɗa kawai shi ne, waɗannan kotuna sun yi shekara 70 suna kallon aikin dole ba su ce uffan ba, kuma gwamnatin ta san idan aka bar kowane fili ya shiga shari'a, jikokin manoman ne za su ji hukunci.

Na huɗu, an samu rikici a karkara. An mamaye wasu filaye kafin a gama bin ƙa'ida, an taɓa wasu ƙananan gonaki da doka ta keɓe, an zubar da jini a wasu wurare daga ɓangarorin biyu. Kuma ba kullum ne rigimar take tsakanin mai kuɗi da talaka ba. Masanin tarihi Jim Handy ya nuna yadda ƙauye ya yi amfani da dokar a kan ƙauye saboda tsohuwar rigimar iyaka, yadda ma'aikatan da ke zaune cikin gandu suka yi karo da manoman da suka zo daga waje, yadda Ladino da Maya suka ja daga. Ko a labarin Rigoberta Menchú, 'yar Maya da ta samu kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1992, wani mai bincike, David Stoll, ya gano cewa doguwar shari'ar fili da mahaifinta ya yi, yawancinta da surukansa ce. Wannan bai ƙaryata kisan da aka yi wa danginta ba. Ya dai tuna mana cewa inda gona ta yi ƙaranci, ɗan'uwa ma abokin shari'a ne.

Duk waɗannan mun ji. Amma mai cewa an yi gaggawa, wajibi ne ya ɗora abin da ya biyo baya a ɗaya hannun sikelin.

BAYAN AN SOKE

Castillo Armas ya soke dokar cikin makonni. Aka mayar da kusan duk filayen ga masu su na da, har da United Fruit. Aka rusa ƙungiyoyin manoma, aka hana waɗanda ba su iya karatu ba jefa ƙuri'a, wanda hakan ya fitar da mafi yawan 'yan ƙauye daga zaɓe. Aka buɗe kundin waɗanda ake zargi da gurguzu, sunaye suka haura 70,000. Shiga kwamitin rabon gona kaɗai ya isa a sa sunan mutum. Árbenz kuwa, an tuɓe shi a filin jirgi gaban masu ɗaukar hoto kafin a bar shi ya fita, ya yi ta gararamba daga ƙasa zuwa ƙasa har ya rasu a Meziko a 1971. Marubuci Miguel Ángel Asturias, wanda ya yi wa gwamnatin jakadanci kuma ya rubuta littattafai uku a kan kamfanin ayaba, an ƙwace masa shaidar zama ɗan ƙasa. Shi ne ya ci kyautar Nobel ta adabi a 1967.

A 1960 yaƙin basasa ya fara, bai ƙare ba sai 29 ga Disamba 1996. Hukumar binciken gaskiya da Majalisar Ɗinkin Duniya ta mara wa baya ta ƙiyasta a 1999 cewa mutum kimanin 200,000 aka kashe ko suka ɓace. Ta ce kashi 83 cikin ɗari na waɗanda aka tantance 'yan Maya ne, kuma kashi 93 cikin ɗari na ta'asar jami'an gwamnati da 'yan sa-kansu ne suka aikata. Ba mu ce soke Doka Mai Lamba 900 kaɗai ya haddasa wannan duka ba. Amma 1954 ta koya wa kowa darasi guda: hanyar ƙuri'a da majalisa da kwamiti a rufe take ga mai neman gona.

Misali ɗaya ya isa. A ranar 29 ga Mayu 1978, ɗaruruwan manoman Q'eqchi', wani reshe na Maya, suka taru a dandalin garin Panzós domin jin matsayin takardun filayensu da wasu masu gandaye ke cinyewa. Sojoji suka buɗe wuta, aka kashe gommai, maza da mata da yara. Cikin mamatan har da wata dattijuwa, Adelina Caal, da aka fi sani da Mamá Maquín. Wasu daga cikin dattawan da suka jagoranci wannan gwagwarmaya tun zamanin kwamitocin Árbenz suke cikinta. Shekara 24 bayan juyin mulki, maganar ba ta canza ba.

Yarjejeniyar zaman lafiya ta 1996 ba ta raba gona ba. Asusu aka kafa domin ba manoma rance su sayi fili a kasuwa, kuma wanda ke da fili mai kyau ba ya sayarwa da araha. Ƙidayar 2003 ta nuna kimanin kashi 2 cikin ɗari na gonaki ne ke riƙe da fiye da rabin ƙasar noma. Kusan rabin yaran ƙasar 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci. A 2011 gwamnatin Gwatamala ta nemi gafarar iyalin Árbenz a hukumance. Iyalai 100,000 da aka kora daga gonakinsu, babu wanda ya mayar musu da ko eka ɗaya a wannan biki.

INDA LABARIN YA TAƁO MU

Tarihin filayenmu daban ne, kada mu tilasta kamanni. Turawan mulki ba su yanka Arewa gandaye sun raba wa baƙi ba, kuma har yau ƙananan manoma ne suka fi yawa a karkararmu. Amma akwai wuri ɗaya da hanyoyin suka haɗu. A Gwatamala, lokacin gina madatsar ruwa ta Chixoy da rancen Bankin Duniya, mutanen ƙauyen Río Negro sun ƙi tashi saboda filin da aka ba su a madadi bai kai nasu ba. Tsakanin 1980 da 1982 an kashe musu mutum sama da 400, ciki har da mata 70 da yara 107 a rana ɗaya, 13 ga Maris 1982. A watan Afrilu 1980, a Bakolori kusa da Talata Mafara, manoman da aikin madatsar ruwa ya cinye gonakinsu sun tare hanyoyi suna neman diyya, aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne suka mutu. A wuraren biyu an yanke hukunci a kan gonar mutum a ofishin da ba shi da kujera a ciki.

Dokar filaye ta Najeriya ta 1978 ta sa filin kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma idan aka karɓi gona domin amfanin jama'a, abin da ke kanta ake biya, kamar amfanin gona da gini da itatuwa. Duk wanda ke zaune a gefen birnin da ke faɗaɗa ya san yadda gonar gado ke komawa filoti, ya kuma ga inda tsohon mai gonar ke ƙarewa: ɗan ƙwadago a gonar wani, ko lebura a ginin da ake yi a kan gonarsa. Wannan shi ne lissafin da muka fara da shi.

Shi ya sa, idan aka tambaye mu abin da ya fi daraja a Doka Mai Lamba 900, za mu ce kujeru ukun nan ne cikin biyar. Eka miliyan 1.4 an bayar da doka, an karɓe da doka. Abin da sai da aka yi shekaru ana kisa kafin a danne shi, shi ne sabon da manoma suka yi da zama a inda ake yanke hukunci a kan fili. Duk wani shiri na gona da za a kawo, a can ko a nan, tambayoyinmu gare shi su ne: wa ke nuna filin, wa ke ƙiyasta kuɗinsa, wa ke da rinjaye a kwamitin, kuma ina manomi zai kai kuka idan aka zalunce shi?

Mun san a cikinmu akwai waɗanda za su ce tsige alƙalan nan ya isa ya zubar da mutuncin shirin baki ɗaya, akwai kuma 'yan yankin Mafara da suka ji labarin Bakolori daga bakin iyayensu fiye da yadda muka kawo shi. Fili naku ne. Sai mun ji daga gare ku, mu haɗu a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.